Da Tsohuwar Zuma Ake Magani, In Ji Ni

Takardar haihuwar ɗana nake lalube a ƙasan akwati, hannuna ya taɓo wani abu naɗe cikin tsohon zanen gado. Ina warwarewa sai ga ta: 'yar kwamfutata Asus Eee PC, wadda na saya ta hannu a titin Beirut na Kano a 2010, zamanin da rataya irinta a kafaɗa kan sa saurayi ya canza tafiya. Fuska inci 10, ƙwaƙwalwa gigabait 1, injin Intel Atom. Wayar da ke aljihuna yau ta ninka ta ƙwaƙwalwa sau huɗu, amma waya ba ta taɓa sa an kira ni Injiniya a majalisa ba.

Uwargida ta leƙo ta ce, "Maigida, 'yan jari-bola suna wucewa kullum da safe."

Na ce mata da tsohuwar zuma ake magani. Da na san abin da ke tafe, da na ba ta ta miƙa musu har da caja.

Na jona ta da wuta, ta yi 'yar ƙara kamar tsohuwa za ta miƙe daga tabarma, sai ga Windows XP. Yara suka kewaye ni. Nan ta nemi kalmar sirri. Na gwada shekarar haihuwata, na gwada lambar tsohon babur ɗina, ta ƙi. Sai na danna wurin tuni, wanda ni da kaina na rubuta tun ina gwauro. Rubutu ya fito ɓaro-ɓaro: "sunan wadda nake so".

Uwargida ta yi murmushi ta ce, "Ai wannan mai sauƙi ne, matsa." Ta rubuta sunanta. Ta ƙi buɗewa. Ta sake da manyan baƙaƙe. Ta ƙi. Ta gwada sunan da ake kiran ta da shi a gidansu. Ɗakin ya yi tsit, ban da fankar kwamfuta. Ni kuwa a daidai lokacin na tuna kalmar sarai, harafi bakwai, 'yar Zariya ce. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta: na buga cinya na ce ƙwayar cuta ce ta shige ta, dole a wanke ta tas, yau ɗin nan.

Na ɗauke ta sai wurin ƙanena, wanda ya karanci harkar. Ya juya ta gaba da baya ya ce, "Yaya, wannan ai ta gidan tarihi ce, ka kai ta Gidan Makama." Ya zauna ya karanta mini tarihinta kamar mai wa'azin jana'iza: Asus ta fito da irinsu a 2007, duniya ta yi rububi, iPad ta zo a 2010 ta kwashe kasuwa, Microsoft kuma ta daina kula da XP tun Afrilun 2014. Injin nata mai bit 32 ne, sabuwar Ubuntu ba ta ma kallon irinsa. Sai dai ƙaramar Linux irin antiX, wadda aka yi don tsofaffin injuna. Na ce ya sa ko mene ne, muddin zai goge komai. Ya tambaye ni sau biyu ko akwai abin da nake so a kwafe. Na ce babu. Sai a hanyar gida na tuna hotunan sunan ɗan farinmu a ciki suke, kuma babu su a ko'ina.

Gaskiya ta farfaɗo, har gudu take yi. Aikin farko da na ba ta shi ne sinimar gida. Na tara yara har da na maƙwabta, na sayo gyaɗa. Sai na tarar ramin da ke jikinta VGA ne, talabijin ɗinmu kuwa HDMI kaɗai ya sani. Muka haƙura muka haɗa kai goma sha ɗaya a kan fuska inci 10. Fim ɗin Kannywood ne mai nauyi da aka turo mini. Murya ta yi gaba, hoto na biye da ita kamar hawainiya: jarumi ya gama faɗin saki uku, a fuska kuwa yana ta washe baki yana miƙa wa amarya lemo. Ƙaramar 'yata ta ce, "Baba, a ba mu wayar Mama kawai."

Aiki na biyu na ɗauke shi ne don neman sulhu. Uwargida na sana'ar awara, masu cin bashi sun yi mata yawa, littafinta duk mai. Na ce daga yau lissafi ya koma na zamani. Na zauna bayan sallar isha'i ina shigar da sunaye, yatsuna da suka yi ƙiba tun 2010 suna danna harafi biyu a lokaci guda. Maɓallin sifili kuma sai an lallashe shi, mai bashin 500 ya koma 50. Na kai mutum na talatin da ɗaya aka ɗauke wuta. Batirin ya mutu tun tuni, ni kuwa ban adana ko layi ɗaya ba. Cikin duhu na ji muryarta a hankali: "Ko ita ma 'yar Zariyar awara take yi?" Ashe ƙanena ne ya yi mini aikin, wajen cin tuwo.

Na yi kwana uku ban taɓa ta ba. Ranar Asabar na neme ta a kan tebur, babu. Na leƙa madafa sai ga ta a rufe, an sa ta cikin leda, an kwantar da ita a kan buhun awara, an ɗora mata dutsen niƙa. Uwargida ta ce katakon da take danne awara da shi ya tsage, wannan kuwa shafaffiya ce, faɗinta daidai da buhun. Awarar ta fito kusurwa huɗu cif, kowane yanka da kaurin ɗan'uwansa, kafin la'asar ta ƙare.

Na ce to a ba ni ko yanka biyu, ladan mai kwamfuta. Ta miƙo hannu ta ce ɗari biyu, kuma an daina bashi tunda lissafi ya ɓace.