Kariya Ba Ta Son Gata

A Birniwa, inda akuya ke cin kwali idan rani ya tsananta, ba ta kusantar bishiyar kariya, don ruwan jikinta dafi ne. Da hunturu sai ta kakkaɓe ganyenta tas, ta fito da jan fure a kan reshe tsirara, kamar amaryar da ta shafa jan-baki ta manta mayafi.

A Tailan, a tukunya ake renonta ana sayarwa da tsada. Maƙwabcina da ya ji haka, sai ya dinga yi wa tasa ban-ruwa safe da yamma, har da taki. Kafin damina gindinta ya ruɓe. Ta bakin layin dogon Nguru kuwa, da ba mai kula ta, tana nan tana fure.