Garmar da Aka Rubuta wa Suna

Idan ɗan karkarar arewacin Kano ya so ganin gidan tarihi, birni yake shiga. Daga Minjibir ko Dawakin Tofa ko Ɗambatta mota ɗaya ce, sai adaidaita ta ƙarasa da kai Gidan Makama, ga shi nan daf da Ƙofar Kudu ta gidan Sarki. An ce nan Muhammadu Rumfa ya zauna kafin ya hau gadon sarauta a 1463. Turawa da suka ci Kano a 1903 sun yi ofis a ciki, yau kuwa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ke riƙe da shi. Shekara bakwai na yi ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu, kusan kowace shekara sai na kwaso yara na kawo su. A zuwa na uku na haddace kayan da ke ciki, sai na koma kallon masu kallo. Ashe nan kallon yake.

Na farkonsu shi ne Muna-da-shi. Wannan namu ne, ɗan gida, kuma Baffana ne sarkinsu. Ranar da na kai shi, dubiya muka shigo, aka ce sai la'asar za a bari a ga mara lafiya, na ce mu ɗan miƙe ƙafa. Ya gyara zaman hula, ya kakkaɓe riga, don a zatonsa takalmin Bagauda za a nuna masa. Sai ga kayan noma, ga ƙwarya da ludayi, ga tukunya, kowanne da 'yar takarda an rubuta sunansa da boko. Baffa ya ja ya tsaya gaban garma, ya riƙe haɓa.

"Kai yaro, wannan ce tarihin?"

"Ita ce, Baffa."

"To ai da irinta na yi huɗa bana. Tawa ma ta girme ta, don gadonta na yi wurin Malam. Sau uku ina sake mata ƙota, sau biyu maƙeri yana sake mata baki, amma tana nan yadda ya bar ta."

Haka muka bi ɗaki ɗaki. Kayan saƙa, muna da shi, a je Minjibir a gani. Kayan ƙira, muna da shi. Kwari da baka, yana rataye a zauren Sarkin Baka. Kuma ban ga laifinsa ba. Mu ƙasarmu gona ba ta hutawa, daga gidanka kana jin tarin maƙwabcinka, kowane taku na ƙasa da mai shi, kuma tun kakanni jakanmu ke kai itace birni su dawo da taki a mangala. Geron da ake jibgewa a kasuwar Dawanau, da yawansa irin wannan garmar ce ta tashe shi. Abin da ya ɗaure wa Baffa kai ita ce takardar. Ya ce wa aka rubuta wa, akwai mai hankalin da bai san garma ba? Na ce yaran birni. Ya yi shiru, can ya ce, "To su me suke ci?"

Sai Kakana-yana-wurin. Shi ba ya shiga ayari, baya yake laɓewa, ya bari sai mai yi wa baƙi bayani ya kai tsakiyar magana, sannan ya yi gyaran murya. "Yi haƙuri ɗan samari, ba haka aka yi ba." Kakansa yana Ƙofar Kabuga ranar da Turawa suka shigo. Kakan nan yana Kwatarkwashi tare da Waziri Ahmadu. Shi ne kuma ya raka Sarki Alu har Lakwaja, ya dawo a ƙafa, ya iske jirgin ƙasa ya iso Kano, ya ɗora buhun farko a dalar gyaɗa. Na taɓa zama na lissafa, na ga kakan nan ko dai ya yi shekara ɗari da hamsin, ko kuwa su huɗu ne suna karɓa-karɓa. Shi kaɗai da sauƙi. Ranar da biyu suka haɗu a ɗakin da ake bayanin Basasar 1893, ɗaya jikan Tukurawa, ɗaya jikan Yusufawa, sai da na janye yarana gefe, don yaƙin da aka gama tun kafin zuwan Turawa ya nemi tashi a kan tabarmar gwamnati.

Gwaggo kuwa ba ruwanta da sarakuna. Wuce su take kamar ba ta gan su ba har sai ta isa ɗakin amarya, nan za ta yafa mayafi a kafaɗa ta zama 'yar ganin ɗaki. "Wa ya yi wannan jeren? Ai ba a ɗora ƙaramar tasa a nan. Ke, zo ki gani, faifan ma a kife. Amaryar nan ba ta da dangin uwa ne?" Hannunta har rawa yake, so take ta tsallaka ta gyara. Na ga wata ta yi faɗanta ta ƙoshi, sannan ta yi tagumi ta ce irin kwallarta ke nan, wadda ta sayar a shekarar fari aka auno dawa. Muka yi jugum. Ta share ido da gefen mayafi, ta waiwayo ta ce, "Wai ina angon yake, ko shi ma ya tafi cirani?"

Kada in tsallake kaina. Malamin firamare mai rakiyar ɗalibai ba ya ganin komai, ƙirga kawuna yake. Arba'in da biyu a zaure, arba'in da ɗaya a ɗaki na biyu, sai gabansa ya faɗi, ashe ɗayan yana bayan ƙyaure yana cin ɗanwaken da uwarsa ta ƙulle masa. Ka gama zuba bayani a kan ganuwar da aka fara tun zamanin Gijimasu, ka ce akwai mai tambaya, sai wani ya ɗaga hannu: "Malam, ina kurar?" Yayansa ne ya ba shi labarin gidan zu, ya ɗauka nan ne. In kuwa aka yi katari 'yan Koroso na wasa a tsakar gidan, to ka nemi inuwa ka zauna, ajinka ya watse.

Masu ɗaukar hoto ba sa ɓata wa kowa rai, tunda su baya suke juya wa tarihin. Adon bango suke so, da zanko a saman soro, ango ya dafa sanda, amarya ta kalli sama.

Akwai mai ido irin na ɗan gwangwan. Tsohon ƙyauren ƙofar gari da kowa ke kallo yana tasbihi, shi auna shi yake a ka, kilo nawa zai yi. Ba ya fita sai ya raɓi mai gadi ya yi ƙasa da murya: "Tsakani da Allah, in da sayarwa ake, nawa za a bari?" Abokin tafiyarsa shi ne mai sallama a kowane ɗaki, ko da babu kowa ciki, wai ba a rasa masu gida a tsohon gini. Da ya ji an ambaci Tsumburbura sai ya ja da baya, bakinsa na motsi.

Wanda na fi ganin hikimarsa shi ne mai shan inuwa. A watan bazara yake zuwa, lokacin da kwalta ke narkewa. Ya gane cewa ginin ƙasa mai kauri da rufin azara ya fi fanka, ga shi ba ruwansa da ɗauke wuta. Zai sami hoto guda ya tsaya gabansa, hannu a baya, har ka ce wani shehin malami ne. Matsa kusa ka ji numfashinsa.

Sati guda bayan zuwanmu na ƙarshe, na dawo daga makaranta na iske yara sun yi layi a ƙofar gidanmu. 'Yan ajina ne suka yayyage littafin rubutu, suka manna wa komai suna da ƙullin tuwo: turmi, taɓarya, randa, rumbu, har jakin Baffa an rataya masa tasa takardar a wuya. Kuɗin shiga gyaɗa biyar. Wata 'yar aji huɗu ce ke bayani, tana cewa wannan turmin tun zamanin Turawa yake, wani ɗan ƙarami daga baya yana cewa ba haka aka yi ba. Ana cikin haka Inna ta fito neman muciyarta, tuwo na kan wuta, ta same ta jingine a bango da takarda, an rubuta kada a taɓa. Da ita ta kore su har bakin rijiya.