Mega Man a Dogo Tebo: Nazari Kan Yadda Ɗan Mutum-mutumi Ya Zubar da Girman Magidanci

Daga cikin wasannin bidiyo, waɗanda jama'a suka fi sani da gem, akwai rukunin da ake kira mai tafiyar gefe, wato wanda mai wasa yake hangen jarumi ta gefe ɗaya yana gudu daga hagu zuwa dama, hoton kuma yana ja da baya a allon talabijin domin sabuwar hanya ta bayyana. A wannan rukuni kaɗan ne suka kai Mega Man tsawon rai, wasan da kamfanin Capcom na ƙasar Japan ya fitar a watan Disamba na 1987 a kan na'urar Famicom ta kamfanin Nintendo, wanda a can gida ake kiransa Rockman. Jarumin ɗan mutum-mutumi ne shuɗi mai bindiga a madadin hannu ɗaya, wanda Dakta Light ya ƙera, aka kuma ɗora masa nauyin murƙushe 'yan uwansa na ƙarfe da Dakta Wily ya juya wa tunani don ya mallaki duniya. Akira Kitamura ne ya tsara wasan, Keiji Inafune kuma yana cikin masu zanensa.

Abin da ya raba shi da tsararrakinsa shi ne cewa bai tilasta wa mai wasa bin hanya ɗaya ba, domin tun daga farko yakan jera masa fuskokin manyan abokan gaba, waɗanda yara suke kira bos kamar yadda ake kiran mugun fim ɗin Indiya, ya ce ya zaɓi wanda zai fara da shi. A kashi na farko su shida ne, a kashi na biyu da ya fito a Disamba 1988 suka koma takwas, kuma duk wanda aka kashe sai jarumi ya gaji makaminsa, makamin nan kuwa shi ne lagon wani bos ɗin daban. Makamin Metal Man, wato faifan zarto, yana gamawa da Bubble Man, kumfar Bubble Man tana kashe wutar Heat Man, wutar kuma tana cinye Wood Man, ganyen Wood Man kuwa yana toshe fankar Air Man, abin da Bahaushe ya riga ya taƙaita da cewa gaba da gabanta, aljani ya taka wuta. Bos ɗin kashi na biyu daga zanen masoya wasan aka tsamo su, bayan kamfanin ya karɓi zane 8,370, kuma an sayar da kwafi wajen miliyan 1.5 na wannan kashin kaɗai.

Sirri na biyu shi ne wahala mai adalci. A kashi na biyu jarumin ba ya durƙusawa, ba ya harbi sama da bindigarsa ta asali, harsashinsa ba ya wuce uku a allo lokaci guda, kuma taɓa tsinin ƙarfe sau ɗaya yakan kashe shi ko da jininsa, wato ma'aunin lafiyarsa, a cike yake. Sai dai duk wani tarko yana nan inda yake jiya, yana kuma motsi a kan ƙa'idar da ba ta sauyawa, saboda haka wanda ya faɗi ya san abin da ya kayar da shi, zuciyarsa kuma takan raya masa cewa in ya sake gwadawa zai wuce. Wannan rayawar ita ce ta riƙe wasan fiye da shekara talatin, har ta sa a 2008 Capcom ta fitar da Mega Man 9 da irin hoto da kiɗan shekarun 1980 da gangan, sannan ta biyo da Mega Man 11 a 2018, kuma ita ce take jefa dattawa cikin abin kunya.

A arewacin Nijeriya, yawancin yaran shekarun 1990 ba ainihin na'urar Nintendo suka taɓa ba, kwaikwayonta ne mai araha da ake shigowa da shi daga Asiya, tare da kaset mai alkawarin dubban wasanni alhali 'yan kaɗan ne ake maimaitawa da sabon suna. Potiskum, kasancewarta gari a kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, mai kasuwar shanu da ake lissafawa cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, ga kuma manyan motoci suna shige da fice dare da rana, ba ta taɓa rasa sabon kaya ba, don haka 'yan shekaru kaɗan bayan ƙirƙiro Jihar Yobe a 1991 gidajen gem suka fara cinye kuɗin tarar 'yan makaranta. Yaran wancan zamani su ne magidantan yau, masu furfura a gemu da ciwon baya, kuma daga cikinsu ne mai wannan rubutu ya fito, wanda shi ne abin gwajin wannan nazari.

Matsalar ta samo asali ne a wata majalisar shayi a unguwar Dogo Tebo, inda marubucin ya bayyana wa jama'a, ba tare da kowa ya tambaye shi ba, cewa gem ɗin yaran yanzu ba komai ba ne illa shafa waya, kuma shi a zamaninsa yakan gama Mega Man na biyu tsakanin la'asar da magariba. Ya faɗi haka ne bisa dogaro da cewa babu sauran na'urar da za ta ƙaryata shi a faɗin Yobe, sai dai wani maƙwabci da ba ya zubar da komai ya tono tasa daga ƙarƙashin gado, har da kaset ɗin. Da aka ga talabijin ɗin zamani ba ta da ramin da wayar za ta shiga, sai aka aro tsohuwa mai ƙaton ƙeya daga wurin mai gyaran rediyo, aka ɗoro ta a baro aka ratsa unguwa da ita, wanda hakan ya zama sanarwa ga duk yaron da bai ji labari ba. Kafin a gama jona wayoyi zauren ya cika, har da dattawan da suka ce wucewa kawai suke yi.

Matakin farko shi ne hura kaset da baki, al'adar da duk masu gem na lokacin suka yi imani da ita, ko da yake damshin numfashi tsatsa yake jawo wa haƙoran kaset ɗin, kuma cirewa da mayarwa ne ainihin abin da yake gyara hoton. Marubucin ya cika baki da iska ya hura, ƙurar shekaru ta dawo masa cikin hanci da ido, aka shafe lokaci ana yi masa sannu kafin a ga fuskokin bos takwas. A nan ne ya yanke shawarar farawa da Heat Man, bisa hujjar cewa wanda ya girma cikin zafin Potiskum na watan Afrilu bai kamata ya ji tsoron ɗan wuta ba. Abin da ya manta shi ne cewa a gidan Heat Man ne ake samun tubalan nan masu bayyana su ɓace a kan dogon rami, kuma masu hankali sukan fara kashe Air Man ne su sami abin hawa mai tashi da zai ƙetare da su.

Bayanan da shaidu suka bayar sun nuna cewa jarumin ya yi ta faɗawa ramin a wuri guda, marubucin kuma ya yi ta gabatar da dalilai na kimiyya: da farko maɓallin tsalle ya saki, da aka sauya hannun gem ɗin sai talabijin ta zama mai jinkirin hoto, daga nan sai tabarau, daga bisani kuma surutun yara. Wani ɗan ƙanwarsa da bai wuce firamare ba, wanda bai taɓa ganin wasan ba sai ranar, ya zauna shiru yana ƙirga ƙarar tubalan da yatsa, can ya ce cikin ladabi, "Kawu, kawo in tsallake maka, sai in ba ka." Yaron ya tsallake, ya miƙa hannun gem ɗin da hannu biyu, wani dattijo a bakin ƙofa kuma ya ce girma ya faɗi, raƙumi ya shanye ruwan 'yan tsaki. Da wannan tsari na haɗin gwiwa, wanda marubucin yake kira horar da na baya, aka kashe bos uku kafin a ɗauke wuta.

Allah ya taimaka an riga an kwafi lambar sirri, wato hanyar da kashi na biyu ya fara shigowa da ita cikin jerin wasannin Mega Man don mai wasa ya ci gaba daga inda ya tsaya, tunda kaset ɗin ba ya ajiye komai. Siffarta gidaje 25 ne, biyar a tsaye biyar a kwance, da ɗigo tara a warwatse a cikinsu, kuma duk wanda ya taɓa ganin hatimi zai fahimci abin da ya biyo baya. Marubucin ya zana ta a takarda da jan biro, ya ninke ta ƙanana, ya tura ƙarƙashin matashin kai. Washegari uwargida ta tsince ta wajen gyaran gado, ta kai wa gwaggonsa, gwaggo kuma ta juya ta sama da ƙasa ta yanke hukuncin cewa ko dai an yi wa ɗan nata sammu, ko kuma shi ne yake neman ƙarin aure ta bayan gida. Da aka kira shi ya yi bayani, sai ya ce cikin natsuwa takardar tana ɗauke ne da lissafin waɗanda ya riga ya kashe, su uku, saura biyar kafin ya kai ga babban. Gwaggo ta saka salati, uwargida ta ce, "Malam, yaushe ka koma haka?", kafin kuma a nemo ɗan ƙanwar ya ba da shaida, takardar ta riga ta shiga murhu.

Abin da za a fahimta daga wannan bincike shi ne cewa wasan yana nan yadda masu shi suka bar shi a 1988, tubalansa suna ɓacewa a kan lokacinsu, yatsun masu buga shi ne suka yi nauyi, bakinsu kuma ya ƙara sauri. Har yanzu marubucin yana kan bakansa cewa maɓallin ne ya saki, yana kuma shirin komawa da zarar mai gyaran rediyo ya yarda ya sake ba da aron talabijin. Duk magidancin da ya ji sha'awar tuna baya ta motsa masa, shawara ita ce ya fara da Metal Man, ya ɗauki hoton lambar sirri da waya maimakon takarda, ya sanar da iyalinsa tun da wuri, sannan ya rufe ƙofar zaure kafin ya kunna.