Latas Ɗin da Ya Kayar da Firayim Minista

Mu dai ba mu san sunan kansilan mazaɓarmu ba, amma a taɓo siyasar Ingila, sai mu gyara zama a bencin mai shayi kamar da mu aka kaɗa ƙuri'ar. Har yau in hira ta biyo ta kan Liz Truss, ba mai tuna manufarta ko ɗaya, sai ka ji an ce, "Wace? Matar latas?" Daga nan gardama ta kaure kan wanda ya fara laƙaba mata, kowa da ruwayarsa, kowa kuma wai a BBC ya ji.

Yawancinmu jaridar Daily Star muke ba wa, alhali ita tsinta ta yi. Matar ta hau kujera ranar 6 ga Satumban 2022, bayan kwana biyu Sarauniya Elizabeth ta rasu. Ana tashi daga zaman makoki sai ministan kuɗinta Kwasi Kwarteng, wanda ba ma taɓa mantawa mu ƙara da cewa iyayensa 'yan Ghana ne, ya zaftare haraji na kusan fam biliyan 45, bai kuma faɗi inda za a cike giɓin ba. Fam ya faɗi warwas. Mujallar The Economist ce ta zauna ta yi lissafi, ta ce in an cire kwanakin makoki, ikon baiwar Allah bai wuce kwana bakwai ba, wato daidai da rayuwar latas a kanti. Magana ce 'yar ƙarama a cikin sharhi, da ta bi ruwa. Sai Daily Star ta sayo latas na kwabo 60 a Tesco, ranar 14 ga Oktoba ta ajiye shi kusa da hoton Truss, ta kunna kyamara a YouTube ba dare ba rana, a ga wanda zai riga wani yanƙwanewa. Har gashin kanti aka kafa masa, mai ruwan gwal irin nata. Ranar 20 ga wata ta sanar da murabus, latas ko gezau, aka ɗora masa kambi. Kwana 49 ta yi gaba ɗaya, ba firayim ministan da ya taɓa sauka da wuri haka a ƙasar.

Wannan rabon aiki ai namu ne. Kowace majalisa tana da mai shiru-shiru da zai jefa magana ƙasa-ƙasa yana kurɓar shayinsa, da mai babbar murya da zai cafe ya kai ta kasuwa, gobe kuma ya rantse shi ya ƙirƙira. Tambayi wanda ya fara ce wa Babangida Maradona, kowa zai ce a unguwarsu aka raɗa. Mu ne za mu girgiza kai mu ce Turawa ba su da ta ido, ina aka taɓa yi wa shugaba haka, Allah ya shirya, alhali babban yatsa na can yana tura hoton latas mai gashi zuwa zauren WhatsApp na dangi.

Akwai ma masu cewa an cuci matar, don a sanyin Ingila aka yi gasar. Wai da a kasuwar Yankaba aka ajiye latas ɗin cikin zafin Afrilu, ko mai kayan gwari ya wuni yana yayyafa masa ruwa da gwangwani, la'asar ba za ta same shi a miƙe ba. Wani dattijo ya ce, "Kai yaro, da a Yankaba ne ai kafin azahar wani ya saye shi ya yi kwaɗo da ƙuli."