Masu Garka da Masu Jiran Garka

Da zarar ruwa ya zauna a watan Yuni, gidajen Ikara da Maƙarfi da Kudan sukan fitar da manomi na biyu. Na farko yana can gona da masara da dawa da waken suya, ba da shi muke ba. Na biyun shi ne mai garka, ɗan filin nan na bayan ɗaki ko gefen rijiya inda ake zuba kuɓewa da yakuwa da alayyafo. Filin bai wuce shimfiɗar tabarma biyar ba, amma yakan ɗauke halin mutum kaf.

Akwai Sarkin Ɗoki. Yayyafin Afrilu da ko ƙura bai kwantar ba, shi a wurinsa damina ta sauka. Ya shuka, ruwa ya ɗauke, ya koma ban ruwa da butar alwala. Idan shukar ta ƙone, mai sayar da iri ne macuci.

Sai ɗan fansho, wanda ya taɓa leƙa cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, tun daga ranar ya daina shuka sai da igiya da ma'auni. Tsakanin kuɓewa da kuɓewa sai an gwada. Ya san ranar sa NPK, ya san ranar yuriya, yana kuma rubutawa a littafi da jan biro. Duk wanda ya tsaya gaishe shi ta kan danga sai ya sha karatu. Abin da ke ci masa rai shi ne kabewar uwargida. Ita watsa irin ta yi a juji tare da ruwan wanke-wanke, ba awo ba littafi, ga shi ta haye katanga ta sauka gidan maƙwabta da 'ya'ya. Idan ya ce wannan ba noman ilimi ba ne, sai ta ce, "Gaskiya ne, Malam. Miyar taushen ta yi maka, ko a ƙaro?"

Mai tumatir shi ne attajirin cikinsu, a baki. Tushe goma gare shi, amma hirarsa ba ta wuce kamfanin tumatir na Ikara da aka kafa a 1981, zamanin Balarabe Musa, da yadda za a yi ciniki idan kaya suka nuna. Dabararsa ba laifi: da damina tumatir ke tsada, domin noman lambu na rani ya ƙare. Abin da bai tambaya ba shi ne dalilin tsadar. Ruwan Agusta yana kakkaɓe fure, laima tana kawo cutar ganye, ɗan da ya tsira ya tsage. Tun kuma annobar ƙwaron sharon ta 2016, wadda ta sa gwamnatin Kaduna kafa dokar ta-ɓaci kan tumatir, duk malam-buɗe-littafin da ya gifta a wurinsa sharon ne, sai ya ruga ya goyo famfon feshi. Kuɗin magani kaɗai ya sayi kwando. Ƙaninsa a wannan hali shi ne wanda ya ga gonakin inabi a Kudan, ya dawo ya kafa rumfa a tsakar gida, yanzu shanya ake yi a kai.

Mai fulawa kuwa tausayi yake ba ni. Yawanci saurayi ne da ya yi zaman Kaduna, ya dawo da furanni a gwangwanin madara da tsohuwar taya. Kakarsa za ta zagaya su da sanda, ta sunsuna, ta ce, "Kai ɗan nan, ana miya da shi?" Ya ce a'a. "Magani ne?" A'a, Kaka, ado ne. Kafin sati ta dasa zogale a wurin. Ado ɗaya ta yarda da shi a garka, shi ne lalle.

Hajiya mai kuɓewa ta san yawan 'ya'yan kowane tushe. Bayan kwana bibbiyu take tsinka kada su tsufa, ta yanka ragowar ta shanya don rani. Ɗaya ta ɓace, yaran gidan sun shiga uku.

Duk waɗannan wahala suke wa mutum biyu da ba su taɓa riƙe fartanya ba. Ta farko yaro take aikowa: "Wai in ji Inna tana gaisuwa, a sam mata ɗan ganyen yakuwa." Ɗan ganye, amma yaron da kwarya ya zo, gobe kuma da ƙanwarsa. Ta biyun mai akuya ce. Kowa ya san da damina dabba a turke take kwana ta wuni, amma tata kullum igiya ce ta tsinke, kuma ba ta tsinkewa sai alayyafo ya isa yanka. In ka yi magana, "Haba maƙwabci, dabba ce, ba ta da hankali." Akuyar nan da ta tsallake rama ta nufi latas kai tsaye. Ranar da aka kai ƙara gaban mai unguwa kuwa, mai akuyar ce za ta riga ka yin magana: tana neman a biya ta, wai feshin da ka yi wa alayyafonka ya sa wa akuyarta zawo.