Bencin Mai Gyaran Kwamfuta

Ina da aboki mai gyaran kwamfuta a Kano, kuma zaman bencinsa ya fi zaman kotu koya mini halin mutane. Duk wanda ya shigo rungume da laftof kamar mai kai jariri asibiti, tambaya ɗaya yake yi masa: "Kana da kwafi a wani wuri?" Amsar ce ke tona asiri.

Akwai Malam Na-Allah. Shekara bakwai yana tara aiki a na'ura ɗaya, hujjarsa kuwa: "Ai ba ta taɓa yi mini haka ba." Kowane mamaci ma bai taɓa mutuwa ba sai ranar.

Mai Aljihu Biyu da fara'arsa yake shigowa, domin ya kwafe komai daga C zuwa D. Sai an zaunar da shi a yi masa bayani cewa faifai ɗaya ne aka raba gida biyu. Ya raba kuɗinsa tsakanin aljihun dama da na hagu, ɓarawo ya tafi da rigar.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne ɗalibin ajin ƙarshe. Ya ji labarin System Restore, wanda Microsoft ta saka tun a Windows Me a shekarar 2000, sai ya ɗauka injin mayar da jiya ne. Ya goge babi na huɗu na furojet, saura kwana uku ya miƙa.

"Oga, don Allah mayar da ita ranar Talata."

Aka mayar. Windows ta koma Talata sumul, manhajar da ta rikita ta ma ta ɓace. Babi na huɗu kuwa ko ƙurarsa. Abin yana gyara kayan cikin Windows ne, babu ruwansa da rubutunka ko hotunanka. Wannan ma ya yi sa'a, a kwamfutoci da yawa a kashe yake sai mutum ya kunna da hannunsa.

Hajiya ta fi kowa wayewa, tata ajiyar a intanet take. Sai dai gigabait 15 da Google ke bayarwa kyauta bidiyon kamu da na dina sun cinye tun bara. Kalmar sirri fa? Tana wajen yaron da ya buɗe mata asusun, shi kuma yana bautar ƙasa, lambarsa ba ta shiga.

Mai filas a jikin makullin babur ba sai na daɗe a kansa ba. Ya tsoma shi a kowane shagon buga takardu na unguwa, yanzu cuta yake rabawa gida-gida.

Sai mai ajiyar da bai taɓa buɗe ta ya duba ba. Kada a yi masa dariya, manya sun riga shi. A 1998 kamfanin Pixar na Amurka ya goge mafi yawan fim ɗin Toy Story 2 bisa kuskure, aka nufi ajiya aka tarar ta lalace. Wata ma'aikaciya mai jego da ke aiki daga gida ce ta cece su. A bargo aka naɗo kwamfutarta zuwa ofis.

Tubabbe shi ne wanda ya taɓa yin asara. Kwafi uku, a ma'aji iri biyu, ɗaya a gidan yayarsa a Zariya. Ko gaisuwar mutuwa ya je sai ya yi wa'azin ajiya.

Ina cikin dariya abokina ya dubi jakata ya ce, "Malam, littafin nan da kake rubutawa, kwafi nawa ne?"

Na ce masa la'asar ta yi.