Zaman Shari'ar Inji da Makewayi a Jirgin Shan Iska

Duk wanda Allah ya hore wa jirgin ruwa na shan iska, irin waɗanda ake ɗaurewa a gaɓar Ikoyi, ran Lahadi a kwashi iyali da baƙi a nufi Tarkwa Bay, to ya sani musibu biyu suna dakonsa, waɗanda ba su san girman mai jirgi ba, balle su ji kunyar surukansa. Ta farko allurar ma'aunin zafi ce da takan miƙe tsaye ana tsakiyar ruwa, ta biyu kuwa wari ne da yakan fito daga makewayi ya riga mai gida yi wa baƙi maraba. Shawarata gare ka, ya ɗan'uwa, ka zauna musu zaman alƙali, ka kira waɗanda ake tuhuma bisa tartibi, kada ka yanke wa kowa hukunci sai da hujja.

Mu fara da inji, domin shi ne mai cin dukiya. Injin jirgi ba shi da lagireto mai shan iska irin na mota. Ruwan da jirgin yake bisansa shi yake zuƙa ta wata kafa a ƙarƙashi, ya sanyaya cikinsa, ya tofar ta salansa. Wanda ruwan teku yake ratsa cikinsa kai tsaye yakan zauna tsakanin digiri 60 da 70, saboda in ya zarce haka gishiri yakan fara daskarewa a magudanansa. Wanda kuwa yake da nasa ruwan a rufe, na teku yana sanyaya shi ta bayan bututu, yakan haura 80 ba tare da wata illa ba. Idan allura ta wuce inda ka saba ganinta, rage wuta, ka leƙa salansa, in ba ka ga ruwa yana fita ba kashe inji nan take ka jefa anka. Murfin ruwa kuwa kada ka taɓa shi da zafinsa, domin hukuncinsa ba ya jiran shaida.

Wanda za a fara gurfanarwa shi ne mashigar ruwa da rariyarta, kuma a Legas sau da yawa shari'ar a nan take ƙarewa, domin ledar fiya-wata ɗaya, wadda ba ta da wani nauyi, ta isa ta durƙusar da inji mai ƙarfin dawaki ɗari uku. Abokiyar ta'asarta ita ce ciyawar nan mai shuɗin fure, 'yar asalin Kudancin Amurka, wadda ta shigo ruwan Legas ta Badagiri wajen 1984, tana yawo bisa ruwa kamar kainuwa. Rufe bawul ɗin mashiga kafin ka kwance rariya, in ba haka ba teku ta shigo maka ba sallama. In ka gama kuma, don Allah ka tuna ka buɗe shi.

Idan rariya ta kuɓuta, sai a kira imfela, wato 'yar fankar roba da ke cikin famfon ruwa, baiwar Allah mai haƙuri wadda ruwan da take turawa shi ne man shafawarta, har ma in ta juya a bushe na ɗan minti sai fukafukanta su ƙone su kakkarye. A nan nake roƙon ka yi lissafi irin na mai rabon gado: ƙirga fukafukan da suka rage, ka nemo waɗanda suka ɓace har adadi ya cika, domin guntun da ka yafe yana can gaba ya maƙale a bakin bututu, gobe shi zai sake tara ku. Sauya ta kowace shekara, ka ajiye wata a akwatin kayan aiki. Bayanta sai fambel, in ya saki a ɗaure, sai kuma tamostat, wanda rantsuwarsa tukunyar ruwan zafi ce: in ya buɗe baki ya barranta.

To, ga makewayi, wanda da ruwan teku ake kora shi. Malaman fikihu, da suke gabatar da babin tsarki kafin na salla, sun tabbatar ruwan teku mai tsarki ne mai tsarkakewa, amma yana ɗauke da ƙananan halittu waɗanda, in suka kwana bakwai a kulle cikin tiyo, sukan mutu su ruɓe, su haifar da iska mai warin bara-gurbi. Alamar wannan mai laifi ita ce wari ya taso a korar farko sannan ya lafa. Maganinsa, kafin ka bar jirgi ka rufe mashiga ka kora ruwan daɗi, lokaci-lokaci kuma ka zuba kofin ruwan khal don ya narkar da ɓawon da fitsari da gishiri suke ginawa.

In wari ya ƙi tafiya, jiƙa tsumma da ruwan zafi, ka naɗe tiyon da ke kai najasa tanki, ka bari ya huce, sannan ka fita da shi sarari ka sansana. Tsumma ba ya shaidar zur. In ya ɗauko wari, jikin tiyon ya riga ya sha, kuma babu wankin da zai fisshe shi sai sauyi. Haka 'yar robar nan mai kama da bakin agwagwa da ke hana abin da ya tafi dawowa, ita ma shekara guda ce wa'adinta.

Amma wanda ya fi ɓoyewa shi ne zanzaro, magini marar neman izini, wanda yakan tarar da 'yar kafar numfashin tanki a gefen jirgi ya yaɓe ta da laka. Ƙwayoyin da ke cinye najasa ba tare da ɗoyi ba sai da iska suke rayuwa, da zarar an toshe musu ita sai masu ɗoyi su karɓi sarauta. Zungure kafar da waya, kada kuma ka zuba bilic, domin yana kashe na kirkin yana cin roba. Turaren wuta kuwa, ko Hajiya ta kawo na Barno mai tsada, ka ba ta haƙuri ta mayar da kaskon gida, saboda tururin fetur ya fi iska nauyi, a ƙasan jirgi yake kwanciya, kuma garwashi ɗaya yake jira.